Jan Zakaran Gubuchi

Kun ishe ni da tambaya, to yau ga amsa. Tun da muka dawo daga zagayen Ikara da Makarfi da Kudan, duk wanda na haɗu da shi a barandar sashenmu sai ya tare ni: "Dakta, yaya hanya? Ina tsarabarmu? An sha rake?" Ni kuwa in ce lafiya lau, in ƙara sauri. Har na ji an fara cewa girman kai nake yi tun da aka ba ni bas da direba. Wallahi ba girman kai ba ne, kunya ce. Na kwashi ɗalibai na tafi koya musu yadda ake tare cuta daga dabbobin gida, na ɓuge da kai cutar da hannuna, a cikin kwando, har tsakar gidan wata baiwar Allah da ta jinginar da mutuncinta saboda ni. Gara ku ji daga bakina, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ga wanda bai san ni ba, likitar dabbobi ce ni, 'yar Haɗeja, ina koyar da ɗaliban jami'a cututtukan da suka fi damun shanu da awaki da tumaki da kaji. Yaran nan a aji sai su jero maka alamomin boru, ciwon baki da kofato na shanu, ba tuntuɓe, amma ka tsayar da su gaban saniya mai dalalar da miyau ka ga suna laluben waya a aljihu. Shi ya sa na dage a ba ni mota in kai su inda cutar take zaune, a lokacin da sanyi ya fara sauka, wato lokacin da kaji suka fi mutuwa.

Wata ɗalibata mai suna Hannatu ita ta sa Kudan ta shiga tsarin tafiyar. 'Yar wajen Taba ce, Bahaushiya Kirista. Ta ce duk shekara fakat yana share musu akurki, wato annobar kajin nan da ke sa su gyangyaɗi da koren zawo, wuyansu ya murɗe, su yi ta zubewa. Akwai rigakafinsa, ɗigo ɗaya a ido, amma matan ƙauyen ba su yarda da shi ba. Gwaggonta, Mama Rifkatu, ita ta bi gida-gida, daga matan zumunta na cocinsu har maƙwabtansu Musulmi, tana roƙon a kawo kaji ranar da za mu zo. Da muka yi waya ta ce mini, "Likita, na ce musu in kazar wata ta mutu ni za a kama. Kada ki ba ni kunya." Na yi dariya na ce, "Haba Mama, aikina ne fa." Ku riƙe wannan dariyar.

Da Ikara muka fara, don ita ce mafi nisa, mu riƙa gangarowa gida. Direbanmu Malam Ado mutum ne da bai yarda akwai ramin da ya isa a rage masa gudu ba. Kafin mu wuce Tashar Yari kwalin safar hannu ya riga ya fashe a kan wata ɗaliba, ni kuwa na rungume kular rigakafin a cinya, duk inda muka tsaya sai na aiki mutum neman ƙanƙara. Masaukin da aka ba mu ɗakuna ne a jere da rijiya a tsakar gida, guga ɗaya, jemagu kuma sun riga mu kama silin. Na saba da irin wannan. 'Yan matan birni ne suka yi ta salati.

Abinci kuwa, ku Zage-zagi ku yi haƙuri, sai na faɗa. Da safe fate, da rana fate, da na tambayi mai dafa mana ko akwai wani abu dabam sai ta ce akwai, faten wake. A wajenmu baƙo da kifi ake tarbarsa, a ajiye masa tuwo ya ga miya ta yi duhu. Nan kuwa an zuba rama da yakuwa a tsaki an miƙo mini cokali, ana jiran in yaba. Na yaba, kuma tsakani da Allah kafin mu bar garin ni ke neman ƙari.

A wata ruga bayan gari muka sami abin da muka zo nema. Shanu sun kamu da boru, baki ya ɗaɗɗaye, ƙafa ta ƙi taku. Ɗalibai suka buɗe baki suka duba, suka ga gyambon da suka sha gani a hoto, wasu suka ciro kaska, wasu suka gano kirci a bayan wani maraƙi. Raina ya yi fari. Sai wani ɗalibi, Sadik, yaro mai ƙoƙari amma mai rawar kai, ya fito daga garken masu ciwo ya nufi na masu lafiya bai tsoma takalminsa a ruwan magani ba. Kun san halina. A gaban makiyaya da abokansa na wanke shi tas. Na ce masa likitan da ke yawo da cuta ya fi cutar sharri, na ce in ba zai iya kula da tafin ƙafarsa ba ya koma gida ya buɗe shagon caji. Na sa su duka suka maimaita abin da na saba faɗa a aji: baƙuwar dabba ba ta shiga garke sai ta yi zaman keɓe. Suka maimaita da ƙarfi. Daga ranar babu wanda ya ƙara yi mini tambaya a mota, ni kuma na ɗauka ladabi ne.

Da za mu bar Ikara muka manta kwalin tsaraba a masauki, sabulu da sukari da ganyen shayi da na tanada don gidajen da za mu sauka. Ban lura ba sai can gaba.

Daga nan sai Makarfi, ƙasar rake. Duk inda ka waiga gona ce, ga hayaƙin masu dafa mazarƙwaila, ga amalanke shaƙe da rake ta tare hanya ba ta da niyyar kaucewa. Malam Ado ya sayi dami guda ya ɗaure a saman bas, daga nan har muka dawo cikin motar nan bai rabu da ɓawon rake da ƙudaje ba. Muka sauka a wata unguwa ta manoma a yankin Gubuchi, wajen wani dattijo mai unguwa da kowa ke kira Baba.

Gaisuwar ƙauyen nan aba ce ta a zauna. Ɗalibaina maza sun saba da miƙa hannu a tsaye, sai suka ga matasan gari sun tuɓe takalmi tun daga nesa sun durƙusa, su ma suka zube ba shiri, har wani ya yaga wando. Baba ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali, ya tambayi mutanen Zariya, ya dawo kan gajiya. Ni ma na bi layi. Na ce, "Baba, yaya dabbobi?" Ya ce, "Lafiya lau, sai godiya." Na ce, "Kaji fa?" Ya ce, "Alhamdu lillahi." A nan na yi wautar farko. Na karɓi amsar gaisuwa a matsayin amsar likita. Ni da na girma a gidan da ko mutum yana kan gargara in aka ce yaya jiki sai a ce da sauƙi, ni ce na ji alhamdu lillahi na wuce.

Gidajen ba a shiga, saboda haka maza suka tsaya a zaure aka fito musu da tumaki, ni da 'yan mata muka shiga ciki wajen awaki. Mun ga ƙazuwa, mun ga masu tsutsar ciki da gashi ya tashi, mun ba da magani. Na dai lura tsakar gidajen shiru, ba kaji masu shiga ƙafar mutum. Na tambayi wata mata, ta ce an kai su kasuwa. Wanda ya yi shekaru a aikin nan ya san abin da ke sa ƙauye guda ya kwashi kajinsa zuwa kasuwa a mako ɗaya. Amma rana ta yi, ɗalibai na jira, hankalina yana kan awaki.

Da muka zo sallama sai ga Baba da kansa riƙe da zakara. Kai, zakara ne! Ja wur, ƙirji a cike, jela baƙa mai sheƙi. Ya ce, "Likita, kin taka ƙafa kin zo ƙofata, ba ni da abin ba ki sai wannan. Shi ne babba a gidan." Na ce, "Haba Baba, a bar shi mana." Ya ce, "Kin raina ne?" To, me zan ce? Dattijo mai furfura ya miƙo da hannu biyu a gaban jama'arsa. Na durƙusa na karɓa, na yi godiya, aka sa shi a kwando aka rufe da wani. Ba na zarginsa ko kaɗan, mafi kyawun abin da ya rage masa ya ba ni. A Haɗeja da bandar kifi za a ba ni, shi kuwa kifin banda ban taɓa jin ya yi tari ba.

A kan iyakar Makarfi da Kudan muka ci karo da masu katako mai ƙusoshi, irin waɗanda ke tare motocin kaya. Da sun bar mu mun wuce, sai zakaran nan ya yi wata shaƙaƙƙiyar cara daga bayan mota. Ɗayansu ya leƙo ya ce, "Hajiya, da dabba a motar nan. Ina takardarta?" Na san ba lafiyar kaji ce ta dame shi ba. Amma ku duba ikon Allah, a duk tafiyar nan shi kaɗai ne ya yi yunƙurin tsayar da zakaran. Ni kuwa na sauko da gilashi, na ciro katin aiki na kai masa har hanci. Na ce, "Karanta. Ni ce mai ba da takardar. Na duba shi, lafiyarsa ƙalau." Ban duba shi ba. Ko murfin kwandon ban ɗaga ba tun Gubuchi. Ya janye katakonsa yana ba da haƙuri, na waiga ina jiran ɗalibai su yi dariya, na ga kowa ya sunkuyar da kai.

La'asar sakaliya muka isa ƙauyen su Hannatu. Nan ba ruwansu da ba a shiga, maza da mata duk muka ɗunguma cikin gida. Mama Rifkatu gajeriya ce, kakkaura, mai dariya da dukan jiki. Ta rungume Hannatu, ta rungume ni, ta bi ɗalibai ɗaya bayan ɗaya tana tambayar sunan garinsu. Hausarta irin ta kakata ce sak, sai dai inda kakata za ta ce in sha Allahu ita sai ta ce da yardar Ubangiji. Ta shimfiɗa wa masu salla tabarma a inuwar rumbu, ta nuna mana gabas tun ba mu tambaya ba.

A nan na ce Malam Ado ya sauko da kwalin tsaraba, ya ce wane kwali? Nan na tuna mun bar shi a Ikara. A gidanmu an yi mini tarbiyya cewa mace ba ta shiga gidan mutane tana kaɗa hannu. Ga mata sun taru suna kallon likitar jami'a, ga Mama ta share ɗakinta ta bar mana. Idona ya faɗa kan kwandon. Na ce a raina ai yanka shi za ta yi yanzu a zuba a miya, wuta ta kashe duk abin da ke jikinsa. Na ɗauko na miƙa mata na ce, "Mama, ga ɗan abin miya." Ta buɗe, ta yi guɗa. Ta ɗaga shi sama tana nuna wa mata.

An kawo mana tuwon masara da miyar kuka da naman kaza, Malam Ado ne ya yanka don kowa ya ci hankali kwance. Na ci na ƙoshi ina cewa a raina zakara ya tafi. Ashe kazarta ta kama mana.

Da sassafe na fito na tarar da tsakar gidan ba masaka tsinke. Tsarin da muka yi shi ne kowace mace ta hana kajinta fita kiwo ta kawo su nan. Sun kawo, a kwanduna, a buhu, wasu a goye da zani. Farare, baƙaƙe, wake-wake, durgu masu gajerun ƙafafu, da 'yan tsaki suna ta tsiwa. Mama ta rufe ƙofar gida da karan dawa aka sake su, ta zuba musu dusa da ruwa a kasko. A bakin kaskon nan kuwa, tsakiyar kajin unguwa guda, ga jan zakara tsaye. Fiffikensa ya ɗan sauka, idonsa yana lumshewa, yana tsoma baki a ruwan yana ɗagowa da ƙyar. A bayansa na ga kashi kore.

Na ce, "Mama, ba ki yanka shi ba?"

Ta ce, "In yanka wannan? Kyautar likita guda? Ai iri zan yi da shi. Baɗi in kin dawo 'ya'yansa za su tarbe ki."

Jama'a, na sani. Kada wani ya yi mini uzuri ya ce ban gane ba. Na san abin da nake kallo, na kuma san ɗigon da za mu yi ba ya fara kare kaza sai ya kwana biyu a jikinta. Abin da ya kamata in yi a fili yake: in ɗauke shi, in tsayar da aikin, in gaya wa matan nan gaskiya, kowa ta tafi ta killace nata. Amma yaya zan buɗe baki in ce a ba ni kyautata? Yaya zan ce wa matan da aka sha wahala kafin su yarda da ni, likitar ta zo muku da mara lafiya? A gaban Sadik? Sai na ce wa zuciyata gajiyar mota ce, ya kwana a kwando, zai warware. Na tafa hannu na ce ɗalibai a fara.

Aikin ya yi kyau, abin haushin ke nan. Yara suka koyi riƙon kaza, suka koyi ɗiga magani su jira ta ƙifta. Na tsaya na yi wa mata bayani da murya mai daɗi: a wanke akurki da kasko da toka da ruwan zafi, a binne mushe kada a jefar a bola, kazar da aka sayo a kasuwa kada a haɗa ta da na gida. Wata maƙwabciyar Mama mai suna Asabe, wadda ta fi kowa taurin kai kafin ta yarda, ta ce, "To Likita, mun ba ki amana." Muka biyo ta Likoro muka dawo gida, ɗalibai suna waƙa a mota.

Mako bai cika ba na ga Hannatu a ƙofar ofis, ta kasa shigowa ta kasa tafiya. Na ce, "Lafiya?" Sai hawaye. Ta ce zakaran ne ya fara mutuwa, sai kajin Mama, yanzu babu gidan da ba a kwasar mushe. Matan sun ce maganin da aka ɗiga ne, sun ce Mama ta haɗa baki da 'yan boko an kashe musu kaji ana gab da Kirsimeti. Asabe ta daina gaishe ta. Ranar Lahadi a coci benci guda aka bar wa Mama ita kaɗai. Ta ce Mama ba ta musa ba, cewa kawai take ita ta ce a kama ta, to ga ta.

Na kira Gubuchi, aka tabbatar mini kajinsu sun fara zubewa tun kafin zuwanmu. Na tara ɗaliban na tambaye su ko akwai wanda ya lura da zakaran. Can sai Sadik ya ɗaga hannu a hankali ya ce, "Malama, tun a mota muka ga kashinsa. Mu ne a kujerar baya."

Na ce, "Me ya hana ku magana?"

Ya ce, "Mun ji kin ce kin duba shi."

Wata daga baya ta ce, "Kuma mun ga abin da ya faru a ruga."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Laifi tudu ne, na taka nawa na hango na yaron mutane a tafin takalmi. Na ba Sadik haƙuri a gaban ajin, kuma ban ji ya isa ba.

Zan iya yin shiru. Babu wanda zai zo jami'a ya tuhume ni, Mama ta riga ta ɗauke kayan a kanta. Kwana na yi ina juya wannan, ba zan ɓoye muku ba. Amma Hannatu tana zaune a layin gaba a ajina, ina zan kai idona? Na nemi Malam Ado, na ce duk ɗalibin da ke so ya zo. Duka suka zo, da shebur da buhun farar ƙasa.

Wannan karon babu guɗa. Tsakar gidan da na bari cike da kaji fayau take, kaskon ruwan an kife shi a jikin rumbu. Mama ta rame. Duk da haka ta shimfiɗa tabarma ta tambayi gajiya, ta tambayi mutanen gida, na ce lafiya lau, na ji kalmar ta yi mini ɗaci a baki. Na roƙe ta ta tara mini matan. Sun zo, amma a tsaye suka tsaya, hannu a ƙirji.

Na tuɓe takalmi na durƙusa. Na ce, "Iyayena, yayyena, ba maganin ba ne, ba kuma Mama ba ce. Jan zakaran da na kawo, shi ya zo da ciwon. Na gan shi a bakin kasko da safen nan, na gane, na yi shiru don kada in ji kunya. Ni na kashe muku kaji."

Sai Asabe ta ce, "Kin gane?"

Na ce, "Na gane."

Ta ce, "Kina tsaye kina gaya mana kada mu haɗa baƙuwar kaza da ta gida, alhali taki tana shan ruwa da namu?"

Na ce, "Haka aka yi."

Ta ce, "Da kin ce a kama shi, wa zai hana ki? Mu da muke kiran ki likita." Ta faɗi wasu maganganun da ba zan maimaita ba, kuma babu ƙarya a ciki ko ɗaya. Da ta gama ta juya wajen Mama ta ce, "Rifkatu, ina kwana." Rana ta kusa tsaka a lokacin, amma gaisuwar kwanaki ce ta biya. Mama ta amsa tana share ido da bakin zani.

Muka wuni muna aiki. Ɗalibai suka haƙa rami mai zurfi, suka bi bola da bayan gidaje suna tsinto mushe, muka ƙone tsofaffin shimfiɗun akurki, muka wanke na wankewa. Sun ga murɗaɗɗen wuya da idonsu, sun buɗe ciki sun ga jini a inda littafi ya ce za a gani. Ban taɓa koyar da fakat ya shiga kan ɗalibai kamar ranar ba, kuma da za a ba ni zaɓi da na haƙura da darasin. Na yi alkawarin in akurki sun huta zan kawo 'yan kaji masu rigakafi, in killace su a gidana tukuna. Wasu matan sun ce to. Wasu sun ce in riƙe abina, kuma ban ga laifinsu ba. Ko za su ƙara yarda a ɗiga wa kazarsu wani abu a ido, Allah kaɗai ya sani.

Da za mu tafi Mama ta ce in dakata. Ta shiga ɗaki ta fito da kwandon nan, wanda zakaran ya zo a ciki. Ta ce, "Ga kayanki, kin manta. Na wanke shi da toka da ruwan zafi yadda kika koya mana." Na buɗe na ga curin mazarƙwaila da ƙullin kuka a ciki. Na ce, "Mama, don Allah ki bari, wallahi ban cancanta ba." Ta ce, "Kin raina ne?" Na karɓa da hannu biyu.

Ta rako ni har bakin mota, ta riƙe hannuna ta rage murya don kada ɗalibai su ji. Na ɗauka yanzu ne za ta faɗa mini abin da ke ranta, na ma shirya. Sai ta ce, "'Yata, ki yi haƙuri da abincin yau, miyar ba nama. Tun da aka kawo ni gidan nan baƙo bai taɓa zuwa ban yanka masa kaza ba. Na duba ko'ina, babu."

Daga Taba har Zariya, Malam Ado ma a hankali ya bi ramukan. Mazarƙwailar tana nan a ofis cikin kwandonta, na kasa ci. Masu tambayar tsaraba, ku zo ku ɗauka.